An Kwance Mari, Ba a Buɗe Littafin Kuɗi Ba

A ƙarshen watan Satumba na 2019 'yan sanda suka kutsa wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, wanda aka rubuta a ƙofarsa cewa makarantar addini ce, suka fito da maza wajen 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da shatin bulala a gadon baya. Ba a cika wata guda ba aka sake cin karo da irinsa a Daura, inda aka tarar da mutum 67 a ɗaure. Daga nan sai birnin Katsina, sai Rigasa a karo na biyu, inda aka kwashe mutum 147 daga cibiyar da aka fi sani da gidan Malam Niga, sai Zariya, Ilori da Ibadan. Gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe gidajen mari a jiharta. Zuwa watan Nuwamba, lissafin kamfanonin dillancin labarai ya doshi mutum 1,500.

Mun ga hotunan, mun yi salati, mun yi Allah wadai. Idon jama'a kacokan ya tafi kan sarƙa da tabo, kuma haka ya dace, domin su ne suka fi tayar da hankali. Sai dai mafi yawan waɗannan mutane ba sato su aka yi ba. Iyayensu da 'yan uwansu ne suka kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye ko kangara ko taɓin hankali, kuma suna biya: kuɗin karɓa, kuɗin wata, buhun hatsi. Gidan da ke riƙe da mutum ɗari uku da ake biya wa kuɗi kasuwanci ne mai girma, ko da mai shi ya kira shi aikin lada. A ganina abin da ya raya gidajen nan shekara da shekaru, kuma abin da zai iya dawo da su cikin sabuwar riga, shi ne kuɗin da ke shiga ba tare da kowa yana da ikon tambayar inda ya tafi ba.

Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka gudanar, aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A arewa maso yamma kimanin kashi 12 cikin ɗari ne, wato wajen mutum miliyan uku. Miliyan 4.6 a faɗin ƙasa suna shan magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba, kuma ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye mace ce. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke ƙasar baki ɗaya kuwa ba su kai 300 ba.

A sauko da lissafin nan ƙasar Gwandu. Jega mahaɗar hanyoyi ce kuma babbar kasuwa. Abin da ya shigo Jega ya shiga Maiyama, ya shiga Aliero, ya bi ƙauyuka a aljihun ɗan acaɓa. Tiramol a wannan yanki ba ta fara da sunan holewa ba. Ta shigo a matsayin maganin gajiya, wurin mai noman albasa da ke ban ruwa tun asuba, da ɗan dako mai lodin buhuna a kan tirela, da direban da zai kwana a hanyar Yawuri zuwa Kwantagora. Ranar da ta daina zama maganin gajiya ta koma ciwo, uban yaro zai duba gabas da yamma. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya mafi kusa da shi yana Kware, bayan an wuce Tambuwal an ratsa birnin Sakkwato. Akwai kuɗin mota, kuɗin gado, kuɗin magani, ga wanda zai bar gonarsa ya yi jinya. A ɗaya ɓangaren kuma ga malam ko gidauniyar da ta ce a kawo shi, a biya kaza, a koma gida a kwanta. Rashin uwa ke sa a yi uwar ɗaki.

Mutanen Aliero sun fi kowa sanin cewa maganin da ba na asibiti ba yana iya zama na gaskiya. Garin ya yi suna da ɗori tun kaka da kakanni, har daga ƙasashen maƙwabta ake kawo masu karaya. Amma a lura da abin da ke tsare mutuncin wannan sana'a. Sakamakon aikin maɗori a fili yake: ko ƙafa ta miƙe ko ta karkace, kowa zai gani a kasuwa. Majinyacin yana da baki, kuma idan ya ce an cuce shi za a saurare shi. Danginsa na shiga su fita, su kwana kusa da shi. Ranar da ƙashi ya haɗe kuma magana ta ƙare, babu dalilin ci gaba da riƙe shi.

Gidan gyaran hali ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babu wanda zai duba mutum ya ce ya warke, sai mai gidan, wanda kuɗin watansa ke yankewa ranar da ya faɗi haka. Ziyara sai yadda ya tsara. Mafi muni, an riga an soke shaidar majinyacin tun kafin ya buɗe baki. Idan ya ce ana dukansa, ai ɗan ƙwaya ne, ƙarya sana'arsa ce. Idan ya ce yana aiki ba a biyansa, ai horo ne. Idan ya ce ya warke a sake shi, ai kwaɗayin komawa ga ƙwaya ne ke magana. Da wuya a sami wani mai sayen kaya a duniya wanda aka raba shi da ikon yin ƙorafi kamar wannan. Shi ya sa kuɗi ke iya shigowa ta ƙofa uku a lokaci guda: daga iyayen da ke biya, daga masu hannu da shuni da ke kawo sadaka da zakka, da kuma daga gumin shi kansa wanda aka kawo, in an sa shi noma ko ɗinki ko buga bulo. Duka ukun suna ƙaruwa ne da yawan kwanakin da ya yi a tsare.

Kada a ɗauka wannan ciwon malaman zaure ne kawai. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a Nuwamban 2019 bayan ta ziyarci wurare 28 a sassan ƙasar nan, ta kuma tarar da ɗauri a 27 daga ciki. Akwai na Musulmi, akwai na coci, akwai na masu maganin gargajiya, akwai na gwamnati. Fim ɗin da BBC ta yi kan kodin a 2018, wanda ya sa gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin tarin da shigo da shi, ya nuna matasa ɗaure da sarƙa a wata cibiyar gyaran hali a Kano. Kuma kada a ɗauka ciwon talauci ne ko na rashin boko, domin mafi bayyanar misalinsa yana ƙasar da ta fi kowace kuɗi.

A 2017 wasu 'yan jarida biyu na cibiyar bincike ta Reveal a Amurka, Amy Julia Harris da Shoshana Walter, suka bankaɗo wata ƙungiyar Kirista mai suna CAAIR a jihar Oklahoma. A lokacin alƙalai kan tura mata masu laifin shaye-shaye a madadin gidan yari. Maganin da take yi musu shi ne aiki a masana'antar fiɗar kaji ta kamfanin Simmons Foods, kuma ladan aikin ba ya shiga hannunsu, asusun ƙungiyar yake faɗawa. Wanda ya kasa aiki ana iya korarsa, kora kuma na nufin kurkuku. Bayan shekara biyu suka waiwayi gidauniyar Cenikor, mai rassa a Texas da Louisiana, wadda ta yi shekaru tana tura majinyatanta ƙwadago a ɗaruruwan kamfanoni, har da manya irin su Exxon, Shell da Walmart, tana karɓe kuɗin da sunan biyan ɗawainiyar jinyarsu. A lokacin, shugaban gidauniyar, Bill Bailey, yana ɗaukar sama da dala 400,000 a shekara. A 2020 Reveal ta ƙirga aƙalla cibiyoyi 300 a jihohi 44 masu irin wannan tsari, waɗanda mutum fiye da 60,000 ke ratsawa ta cikinsu kowace shekara.

Kakar wannan tsari ita ce Synanon, wadda Charles Dederich ya kafa a Kalifoniya a 1958. Ta fara da kyakkyawan suna, 'yan jarida da 'yan siyasa suna yabonta. Bayan kimanin shekara goma sai ta yanke shawarar cewa mai shaye-shaye ba ya warkewa in ya fita, don haka ta daina yaye kowa. Mambobi suka ci gaba da yi wa kasuwancin ƙungiyar aiki kusan kyauta, dukiya ta taru a hannun shugaba da iyalinsa, har ta kai a 1978 mabiyanta suka saka maciji a akwatin wasiƙun wani lauya da ya yi nasara a kansu a kotu. Hukumar haraji ta janye mata rangwamen da ake yi wa ƙungiyoyin agaji, ta kuma rushe a 1991. Matakin da ya fi jan hankalina a tarihinta shi ne na daina yaye mutane, domin shi ne lissafin da ke kwance a ƙarƙashin kowane gidan da ke cin abinci da zaman majinyaci. Synanon dai ta furta shi da baki.

Yaya aka yi muka san albashin shugaban Cenikor? Ba satar takarda aka yi ba. Dokar Amurka ta wajabta wa manyan ƙungiyoyin da aka ɗauke wa haraji su cike wata takarda duk shekara, mai lamba 990, su rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da aka biya manyan jami'ansu, suna bayan suna. Kowa na iya karanta ta a intanet. Takardar ba ta hana zalunci ba, ga shi mun gani. Amma ta ba ɗan jarida da lauya da ɗan majalisa damar su ɗora albashin shugaba kusa da sifirin da ma'aikacin masana'antar kaji ke samu, su nuna wa duniya. Abin kunyar Amurka yana da adadi. Namu ba shi da shi, kuma rashin adadin ne muke ɗauka kamar tsarki.

A takarda, dokarmu ba ta yi shiru ba. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta ce dukiyar ƙungiyar da aka yi wa rajista ƙarƙashin amintattu ba za a kashe ta ba sai a kan manufar da aka kafa ta dominta, ba a raba riba, kuma albashin da za a biya ma'aikaci ya zama wanda hankali zai ɗauka. Ta nemi a riƙa miƙa rahoton shekara ga Hukumar Rajistar Kamfanoni. Amma da sashe na 839 ya ba hukumar ikon dakatar da amintattun da ake zargi da almundahana, manyan ƙungiyoyin addini suka yi ca, suna ganin gwamnati na neman ƙofar shiga masallaci da coci, kuma a 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta soke wannan sashe da wasu da ke biye da shi. Tsoron nasu ba na banza ba ne. Mun san yadda gwamnatocinmu ke mayar da doka sandar dukan abokin hamayya. Sai dai muhawarar ta tsaya a kan ikon gwamnati da 'yancin shugabannin ƙungiyoyi. Mahaifiyar da ta sayar da akuyarta a kasuwar Maiyama don ta biya kuɗin watan ɗanta ba ta da wakili a wannan gardama, alhali ita ce ta fi kowa haƙƙin ganin lissafi.

Tun bayan 2019 buƙatar ba ta ragu ba, kuma gurbin da gidajen mari suka bari ba zai zauna fanko ba. Masu cike shi a yau sun fi iya ado: gidauniya mai rajista, mai tambari, mai shafin Facebook, mai babban darakta. Wasu cikinsu aikin kirki suke yi da ɗan abin da ke hannunsu, kuma sun cancanci a tallafa musu. Amma duk wanda ya taɓa ɗaukar rahoton tarukan yaƙi da shaye-shaye ya san inda kuɗi ya fi son kwanciya. Taron wayar da kai a ɗakin taro na otal, da riguna da huluna masu rubutu, da alawus ɗin mahalarta, da hoton rukuni, ya fi sauƙin shiryawa da sauƙin rubuta wa mai ba da tallafi rahoto, fiye da ɗaukar ma'aikacin jinya guda ɗaya da zai yi wata shida yana bibiyar yara ashirin a Jega. A nan ba a ɗaure kowa da sarƙa ba. An dai karɓi kuɗi da sunan mai shaye-shaye, shi kuma yana nan a bakin tasha inda aka bar shi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Za a ce mini: to, mai gidauniya iska zai ci? Ko kusa. Ina ma goyon bayan a biya shi albashi mai kyau, a biya likita da ma'aikacin jinya da mai gadi da mai dafa abinci, domin aikin da ba a biya ba ya ɗorewa, kuma ƙwararre ba zai bar Abuja ya zauna a Aliero don a yi masa addu'a kawai ba. Addinin da yawancinmu ke bi ma ya riga mu warware wannan: cikin mutum takwas da aka ware wa zakka akwai ma'aikatan da ke tattara ta. Amma rabonsu sananne ne, kuma ba su ke yanka wa kansu ba. Akwai kuma labarin nan da ke cikin ingantattun hadisai, na ma'aikacin zakkar da ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya tsawatar, yana nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna da ba wanda zai kawo masa kyautar. Ma'anar a fili take: abin da ya zo maka saboda kujerar amana, na amanar ne.

Saboda haka shugaban da ya ce albashinsa naira kaza ne, ga takarda, ga waɗanda suka amince da shi, bai tayar mini da hankali ba ko da adadin ya yi yawa, don ana iya jayayya da adadi. Wanda ke ba ni tsoro shi ne mai cewa shi don Allah yake yi, ba ya karɓar ko sisi, alhali asusun gidauniya da aljihunsa abu guda ne, amintattun kuma matarsa ce da ƙaninsa da surukinsa. Wanda ba shi da albashi ba shi da iyaka. Gidan da ya gina, da motar da ya sauya, da kujerar Makka ta bana, duk sun zama "buɗi", kuma tambayar inda suka fito ta zama rashin kunya ga bawan Allah.

Haka batun aiki yake. Ba na cikin masu ganin cewa sa mai murmurewa aiki zalunci ne a kan kansa. Zaman banza na daga cikin abin da ke mayar da mutum ruwa, kuma saurayin da ya fita da sana'ar walda ko ɗinki a hannu ya fi wanda ya fita da wa'azi kaɗai. Al'adarmu ta koyon sana'a ma ta san yaron shago da ke aiki ba albashi. Amma yaron shago yana kwana a gidansu, yana iya cewa ya fasa, yana samun na kashewa, kuma akwai ranar yaye shi, wani lokaci har da keken ɗinki ko jari. Inda aka kulle ƙofa, aka sayar da abin da hannunsa ya yi, aka hana shi sanin nawa aka sayar, ba a kuma sa ranar fita ba, sunan abin aikin tilas, kuma sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta shi tare da azabtarwa. Rubuta "koyar da sana'a" a allon ƙofa ba ya canza hukuncin.

A Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa. Ta fayyace haƙƙin majinyaci, ta gindaya sharuɗɗa kan kwantar da mutum ba da yardarsa ba. Ci gaba ne. Amma doka a Abuja ba ta leƙa bayan katangar wani gida a ƙauyen Maiyama. Sai jiha ta ɗauke ta ta sa mata ƙafa. Abin da nake nema daga gwamnatin Kebbi bai fi ƙarfinta ba: duk wurin da ke kwantar da mutane da sunan raba su da ƙwaya, na malam ne ko na gidauniya ko na hukuma, ya yi rajista da ma'aikatar lafiya, jami'an lafiya su riƙa shiga ba tare da sanarwa ba su gana da majinyata su kaɗai, kuma wani likita da ba ya cin albashin gidan ya zama shi ke cewa a ci gaba da riƙe mutum ko a sallame shi. Jega na da kwalejin kimiyyar lafiya, Aliero na da jami'a. Ba a rasa waɗanda za a horar su yi wannan zagaye ba. Sannan duk ƙungiyar da ta karɓi kuɗin jiha ko na ƙaramar hukuma ko fili kyauta, a sa mata sharaɗin manna lissafinta na shekara a bainar jama'a, har da abin da shugabanta ya ɗauka. Wannan ba ya buƙatar sashe na 839. Sharaɗin mai bayarwa ne, kuma wanda bai so ba sai ya bar kuɗin.

Mafi yawan kuɗin da ke shiga irin waɗannan wurare ma ba na gwamnati ba ne. Na 'yan kasuwar Jega ne da dillalan albasar Aliero masu fitar da zakka, da 'yan boko irin masu karanta wannan rubutu, waɗanda ake turo wa lambar asusu a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ko na ƙungiyar ci gaban gari. Attajirin da ba zai ba yaronsa kaya na naira dubu ɗari ba tare da ya rubuta a littafi ba, shi ne zai tura miliyan ga gidauniya bai nemi ko rasit ba, wai kada ladansa ya ragu. Kafin a tura, a tambayi mutum nawa aka kwantar bara, nawa aka sallama, bayan wata nawa, su wane ne amintattu kuma mene ne dangantakarsu da shugaba, nawa shugaban ke ɗauka, kuma in majinyata na aiki ina kuɗin yake zuwa. Hakimai da limaman Juma'a, waɗanda ake gayyata su buɗe irin waɗannan cibiyoyi su sa musu albarka, su ma suna iya neman ganin littafin kuɗi da ɗakunan kwana kafin su amsa gayyatar.